Baƙon da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Jawabin da wani dattijon ekklesiya ya yi a taron jubili a Lamaji, Njamena

Waɗanda suka riga ni tsayawa nan sun ba ku labarin mishan, da sunayen masu bishara na fari, da na waɗanda aka fara yi wa baftisma. Sunayen nan duka suna rubuce cikin littafin ekklesiya. Ni kuwa an ce in yi magana bisa kan waɗanda sunansu ba ya cikin littafin kowa. Tambayar da aka ba ni ita ce, yaushe ne ran mutum ya ke farawa, mene ne kuma ya ke ba shi daraja?

Dukanku kun san babbar maƙabarta ta nan Lamaji, inda 'yan'uwanmu Musulmi na wannan birni su ke binne matattunsu. Yawancin dangina Musulmi ne, saboda haka na sha zuwa wurin. Wata rana muka kai jikan wana. Kwana 3 ya yi a duniya. An riga an sayi ragon suna, yana ɗaure a tsakar gida, amma yaron bai kai ranar ba. Mutum ɗaya ne ya ɗauke shi bisa hannuwa, kabarin kuwa bai fi kamu biyu ba. Da muna komowa sai na ji wani yana ta'azantar da uban, yana cewa, ai baƙo ne, ya leƙo ya koma. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na sani. Amma da muka shiga gida na ga uwar yaron zaune, rigarta ta jiƙe da nono, na gane a wurinta ba baƙo ne ya tafi ba. Ɗanta ne ya mutu.

Mu Hausawa muna da namu ma'auni, ko da shi ke ba mu kan faɗe shi a fili ba. Kafin kwana 7 jariri ba shi da suna, sai a ce jinjiri, ko baƙo. Ranar suna ne a ke yanka rago, a yi masa aski, a shigar da shi cikin jama'a. Kada mu yi saurin zargin kakanninmu a kan wannan. Sun zauna cikin zamanin da yara su ke mutuwa da yawa ƙwarai, har mace ta kan haifi goma ta yaye huɗu. Zuciya ta kan nemi wurin ɓuya. Shi ya sa matar da ta ke wabi ta kan kira ɗanta Ajuji ko Ayashe, tana nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Wanda ya san irin wannan uwa ya san ba a taɓa son yaro kamar yadda a ke son Ajuji ba.

Malaman unguwarmu kuma suna da nasu lissafi, sun kuwa yi shi da hankali. Cikin hadisi an ce halittar mutum a ciki tana bin mataki uku, kowane kwana 40, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa rai. Watau kwana 120 ke nan, wajen wata 4. Waɗansu mazhabobi sun yi sauƙi a kan cikin da bai kai wannan lokaci ba. Amma mazhabar Maliki, wadda a ke bi a ƙasar Hausa da Chadi, ta fi tsanani: sanannen ra'ayinta shi ne ba a taɓa ciki tun daga ranar da ya shiga. Wanda ya doki mace har ta yi ɓari, akwai diyya a kansa, kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Har wa yau kuma cikin littattafan nan an ce ba a yi wa jariri sallar jana'iza, ba ya kuma cin gado, sai idan ya yi kuka bayan haihuwa. To, kun ga alamu uku cikin gida ɗaya: shigar ciki, da wata 4, da kukan fari.

Kada mai bi ya yi tsammani mu Kirista ba mu taɓa yin gardama a kan wannan ba. Mun yi. Aristotal, masanin Helenawa, ya koyar cewa ɗa namiji ya kan siffatu ya motsa wajen kwana 40, mace kuwa wajen kwana 90, malaman ekklesiya da yawa kuma suka bi shi shekaru ɗaruruwa. Yahudawan da suka juya Attaura zuwa Helenanci a Iskandariya ta Masar, da suka zo Fitowa sura 21, wurin da a ke maganar masu faɗa da suka bugi mace mai ciki, suka rarrabe tsakanin cikin da ya siffatu da wanda bai siffatu ba. Basil na Kaisariya, wajen shekara ta 374, ya ƙi wannan rarrabewa, ya ce masu bi ba su da ruwa da ita. Augustin kuwa, mutumin Afirka ta arewa, babban malami, da ya zo kan tambayar lokacin da mutum ya ke fara rayuwa a ciki, ya yarda a fili cewa abin ya fi ƙarfin saninsa. Amma akwai abu ɗaya da ba su yi gardama a kansa ba. Tun cikin tsohuwar takardar koyarwa da a ke kira Didake, wadda aka rubuta kusa da zamanin manzanni, an hana masu bi zubar da ciki, an kuma hana su yar da jariri, abin da Romawa su ke yi ba tare da jin kunya ba.

Dukan mutanen nan suna magana ne a kan abin da idonsu bai gani ba. Mu kuwa an nuna mana. A shekara ta 1677 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya ga ƙwayoyin maniyyi cikin madubin ƙara girma. Sai 1827 von Baer ya gano ƙwan da mace ta ke yi, a jikin karya ya fara ganinsa. A 1876 Oscar Hertwig ya bayyana yadda ƙwayar namiji da ƙwan mace su ke haɗuwa su zama abu ɗaya. A 1956 aka tabbatar cewa kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da zaruruwan gado 46, waɗanda a ke kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. Ina roƙon maza su riƙe wannan: uwa ba randa ce kawai da a ke ajiya a ciki ba, rabin yaron nata ne. Kuma daga ƙwayar uba ne a ke samun namiji ko mace, saboda haka wanda ya ke fushi da matarsa domin tana haihuwar 'ya'ya mata, fushinsa ya ɓata hanya.

Ga yadda tafiyar ta ke. Ranar haɗuwa abin bai kai ƙwayar acca ba, amma gadonsa dabam ne da na uwa, dabam da na uba. Ya rabu biyu, ya rabu huɗu, yana gangarawa, bayan kamar mako ɗaya ya kama jikin mahaifa. Wajen kwana 22 zuciya ta fara bugawa, sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba tukuna. Bayan mako 8 tsawonsa ya kai kamar na dabino ɗaya, da hannuwa da yatsu. Tsakanin wata 4 da wata 5 uwa ta ji motsi. Kakanninmu suna tsammani ranar nan ce ya fara motsi, amma tun da likita Ian Donald na Gilasgo ya nuna amfanin na'urar hoton ciki a 1958, an ga yaron yana juyi yana shure-shure makonni da yawa kafin uwa ta ji. Ita ce ta makara da ji. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin shan magani, na kuma sha tsayawa bayan masu duba wannan hoto, ban taɓa ganin rana ɗaya da za a nuna a ce, jiya wani abu ne, yau kuwa mutum ne ba.

Amma zan faɗa muku abin da masu wani ra'ayi su ke cewa, gama ba wawaye ba ne, 'ya'yanku kuma za su gamu da su a makaranta. A ran 25 ga Yuli 1978 aka haifi yarinya ta fari a Ingila wadda aka haɗa ƙwanta a waje, cikin farantin gilashi, kafin a sa shi cikin mahaifa. Sai gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock domin ya duba abin da ya halatta a yi da irin waɗannan ƙwai. A 1984 suka ba da shawara cewa a iya bincike a kansu har kwana 14, kada a wuce, aka kuma sa wannan cikin doka a 1990. Ɗaya daga cikin dalilan da a ke bayarwa shi ne, kafin kwana 14 ƙwai ɗaya yana iya rabuwa ya zama tagwaye. Suka ce, ƙaƙa za a kira shi mutum ɗaya, tun ba a san ko ɗaya ne ko biyu ba? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, idan na ji motsi cikin ɗaki ban san ko yaro ɗaya ne ko biyu ba, wannan bai mai da ɗakin kango ba. Suna kuma cewa ƙwai da yawa su kan lalace da kansu kafin su kama mahaifa, ba wanda ya sani, ba wanda ya yi makoki. Gaskiya ne. Amma a zamanin kakanninmu yara da yawa ba su kai yaye ba, yawan mutuwarsu kuwa bai rage musu mutunci ba.

Waɗansu kuma suna cewa a ƙidaya daga lokacin da yaro zai iya rayuwa a waje. A manyan asibitocin Turai da Amurka a kan ceci bakwainin da aka haifa a mako 24, wani lokaci ma 22, a sa shi cikin kwalba da iskar numfashi da lantarki dare da rana. Bakwaini irinsa idan aka haife shi a wani ƙauye na Kanem, ba zai ga gari ya waye ba. Yaran nan biyu tsaransu ɗaya, girmansu ɗaya. Idan wannan ma'auni ne ya ke ba da daraja, ashe na Faransa mutum ne, namu kuwa ba mutum ba ne, abin da ya raba su kuma wutar lantarki ce. Ni ba zan iya karɓar wannan ba, ina kuma tsammani ba uwa a nan da za ta karɓa.

Yanzu mu zo ga Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikin Hausa tun 1932. Idan wani ya ce muku akwai ayar da ta faɗi kwana kaza rai ya ke shiga, ku ce ya buɗe ya nuna muku. Babu. Littafin bai ba mu lissafin kwanaki ba, ya ba mu abin da ya fi shi. Cikin Farawa sura 1 an faɗa mana cewa cikin kamannin Allah aka yi mutum, ba a kuwa ce mutum mai ƙarfi, ko mai hankali, ko namiji kaɗai ba. Cikin Zabura 139 Dawuda yana magana da Allah a kan kwanakin da ya ke ɓoye cikin uwa tasa, yana kuma cewa ni, ba ya cewa wani abu da ya zama ni daga baya. Cikin Irmiya sura 1 Allah ya shaida wa annabin cewa saninsa ya riga siffarsa. Cikin Luka sura 1 mata biyu masu ciki suka gamu a ƙasar tuddai ta Yahudiya, Alisabatu da cikin wata 6, Maryamu kuwa da sabon ciki wanda ido ba ya gani, na cikin Alisabatu ya yi tsalle, ita kuma ta girmama na cikin Maryamu tun a lokacin. Ku tuna, Ubangijinmu bai sauko babban mutum ba. Ya bi hanyar nan duka, daga ƙwayar da ba ta kai acca ba.

Saboda haka darajar mutum ba daga sunan da mu ke raɗa masa ta ke fitowa ba, ba kuwa daga ragon da aka yanka ba. Tana fitowa daga wurin wanda ya yi shi, ya kuma san shi. Manomi ya kan kai ƙara wurin mai unguwa idan awaki suka cinye tsiron geronsa na kwana 5, gama ya san gero ne ko da babu zangarniya. Amma misalin nan bai cika ba, domin manomi yana son tsiro saboda hatsin da zai samu. Idan da haka Allah ya ke lissafin mutum, da gurgu da tsohuwar da ta ruɗe da yaron da ba zai taɓa magana ba duk sun faɗi. Ba saboda amfaninmu ya ke ƙaunarmu ba.

Dubi abin da ya kan faru sa'ad da mutane suka mai da kansu masu yanke daraja. A Kalaba, inda Mary Slessor ta sauka a 1876 ta kuma yi aiki har mutuwarta a 1915, a kan kashe tagwaye, a kori uwarsu daji, domin an ce ɗayansu ɗan iska ne. A ƙasar Hausa kuwa tagwaye abin alfahari ne, Hassan da Husaini, har wanda ya biyo bayansu yana da sunansa, Gambo. Yara iri ɗaya, a wannan ƙasa a yi musu guɗa, a waccan a jefa su cikin tukunya. Al'ada tana sākewa daga kogi zuwa kogi.

Amma ku saurare ni da kyau, musamman ku maza. Yaron nan ba a sararin sama ya ke zaune ba, cikin mace ya ke, ita ma cikin kamannin Allah aka yi ta. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekara ta 2020, cikin kowace haihuwa 100,000 a Chadi, mata fiye da 1,000 sun mutu saboda ciki ko haihuwa, ƙasarmu kuwa tana cikin na gaba a duniya duka. Mutumin da ya ke wa'azi da zafi a kan zubar da ciki, ya kuma hana matarsa kuɗin zuwa awo, ko ya aurar da 'yarsa tun ƙugunta bai buɗe ba, to, bakinsa da hannunsa ba su san juna ba. Zazzaɓin cizon sauro yana zubar da ciki, yana kashe uwa, ga shi kuwa gidan sauro da ƙwayoyin da a ke bayarwa wurin awo suna tsare su. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8. Cikin ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, waɗanda suka ƙi umurnin Fir'auna, ba wa'azi suka yi ba, aiki suka yi da hannuwansu.

Akwai kuma lokatan da ba a iya ceton duka biyu. Wani ciki ya kan tsaya cikin bututun da ke kai ƙwai, bai isa mahaifa ba. Ba zai taɓa girma ya rayu a can ba, idan kuwa aka bar shi bututun ya kan fashe, jini ya kashe uwar. Likitan da ya yi wannan aiki bai yi kisankai ba, matar da ta yarda kuma ba ta yi zunubi ba. Kada dattijo ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora ba. Dokar Arewacin Nijeriya ta ba da izini domin ceton ran uwa kaɗai. A Chadi dokar lafiyar haihuwa ta 2002 ta ba da izini idan ran uwa ko lafiyarta na cikin haɗari, ko yaron yana da mummunar cuta, dokar laifuffuka ta 2017 kuma ta ƙara fyaɗe da cikin da ɗan gida ya yi. Doka tana faɗin wanda za a ɗaure da wanda za a bari. Ba ita ce za ta zauna da yarinyar da dare ba, wannan aikinmu ne.

A nan ne kuwa ekklesiya ta ke da abin tuba. Na san yarinya 'yar mawaƙa wadda ta yi ciki ba aure. Mun tsai da ita gaban jama'a, mun sa ta bencin baya, saurayin kuwa ya tafi wani gari karatu, ba wanda ya kira shi. Ina cikin dattawan da suka zauna a kan shari'ar. Bayan shekara biyu ƙanuwarta ta faɗa cikin abu ɗaya. Ta ga abin da aka yi wa yayarta, ba ta gaya wa kowa ba, ta sayi magani a kasuwa ta sha. Mun binne ta tana da shekara 17, da abin da ke cikinta. Mu ne muka koya mata cewa kunya ta fi mutuwa zafi. Malaman Malikiyya na dā sun buɗe wata ƙofa da a ke kira kwantaccen ciki, cewa ciki yana iya kwanciya shekaru bayan rabuwar aure, da ita ma aka kāre Amina Lawal har kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta sake ta a watan Satumba 2003. Likitoci ba su san ciki mai barcin shekaru ba, ni ma ban gaskata da shi ba. Amma na ga nufin masu wannan hukunci, suna neman hanyar da mace za ta tsira, yaro kuma ya sami uba. Mu da mu ke wa'azin alheri kowace Lahadi, ranar nan ba mu nemi ko taga ba. Idan akwai wata a nan da ta taɓa zubar da ciki tana ɗauke da abin a zuciyarta, ki sani jinin Almasihu ya isa wannan ma, teburin Ubangiji kuma naki ne.

Sauran magana ɗaya, a kan ɓari. Cikin kowane ciki 10 da aka sani, ɗaya ko fiye ya kan zube da kansa, yawanci cikin wata 3 na fari, wajen rabinsu kuwa saboda zaruruwan gadon nan ba su jeru daidai ba tun farko. Ba kishiya ba ce, ba maita ba ce, ba kuwa laifin matar ba ne. Idan mun gaskata abin da na faɗa yau, to, matar da ta yi ɓari tana cikin makoki, ya kamata zumuntar mata su je gaisuwa, fasto kuma ya je ya yi addu'a, kada a ce mata kawai Allah ya kawo mai amfani.

Ni kaina ban yi haka ba. Uwargidana ta yi ɓarin wata 5 tsakanin ɗanmu na biyu da na uku. Namiji ne, na gan shi, da farce a yatsunsa. Na naɗe shi cikin ƙyalle na binne bayan ɗaki kafin gari ya waye, na wanke hannu na tafi aiki, ba mu kuwa ƙara maganarsa ba shekara 31. Sai bara, muna zaune da dare ina shirya wannan magana a raina, na tambaye ta ko tana tunawa. Ta ce ta san shekarunsa har yau, ta kuma faɗa mini sunan da ta raɗa masa a zuciyarta ran kwana 7. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na gidanmu, inda na rubuta sunayen 'ya'yanmu a bango, na sami ɗan fili tsakanin layi na biyu da na uku, na rubuta shi da ƙananan baƙaƙe.